Mai gyaran kushin da ya hana ni rabuwa da kujerun aurena

Kujerun falona suna cikin kayan ɗakin da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi mini lokacin aurena a 2012. Saiti ne na zaman mutum bakwai: doguwa mai cin mutum uku, mai cin biyu, sai ƙanana guda biyu. Sun ɗauke mu, sun ɗauki baƙinmu, yara huɗu duk a jikinsu suka kama suka koyi tsayuwa. Zuwa ƙarshen 2024 sun gaji. Doguwar ta lotsa a tsakiya, in mutum ya zauna sai ya ji katako na taɓa shi. Hannuwan sun yi baƙi saboda maiƙo da gumi, ɗaya daga cikin ƙananan kuma ta yage a gefe har soso ya leƙo. Na fi shekara ina rufa musu asiri da zanen gado.

Da farko sababbi na yi niyyar saya. Na yi adashi na wata goma, na ɗauka, muka shiga shaguna uku ni da maigida. Abin da muka ji ya sa muka dawo gida shiru. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500, komai na kujera ya bi ta: yadi daga waje yake zuwa, sinadaran da ake yin soso da su ma haka. Saitin da ya fi araha a cikin waɗanda na taya ya kusa ninka adashina biyu, kuma da na danna hannunsa sai na ji wani abu yana ƙara kamar kwali.

Maƙwabciyata ce ta ce kada in yi gaggawa, akwai wani mai gyaran kushin a wajen Ƙofar Ruwa da ya yi wa yayarta aiki. Ba zan faɗi sunansa ko na shagon ba, domin akwai abin da zan yaba, akwai kuma inda ya ɓata mini rai, kuma ba na so maganata ta zama tozarci ga mutumin da ke neman halalinsa. Dattijo ne, zai yi shekara hamsin da wani abu, da yara uku a ƙarƙashinsa. Shagon rumfar kwano ce a bakin titi, keken ɗinki ɗaya a ciki, sauran aikin duk a waje ake yi.

Abin da ya fara saye ni shi ne ya ƙi yanka mini farashi ta waya. Maigida ya tura masa hoto, ya ce hoto riga kawai yake nunawa, shi ƙashi yake son gani. Washegari da la'asar ya zo gidanmu a Rijiyar Lemo a kan babur, da filaya a aljihu. Bayan an gaisa ya sa yaronsa suka kifa doguwar, ya ɓalle baƙin ƙyallen da ke ƙasanta, ya haska fitilar waya. Ya ƙwanƙwasa katakon da bayan filaya, ya kama kusurwa biyu ya jijjiga, ya shafa ƙasan da kujerar ke kai yana duba ko akwai garin katako, alamar ƙwaro ko gara. Sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, wa ya saya miki waɗannan?"

Na ce Babana.

Ya ce, "To ya saya miki na gaske. Wannan jan katako ne, ba farin nan mai laushi ba. In kin sayar da su, wanda ya saya zai yi musu riga ya sayar a matsayin sababbi, kuma zai yi gaskiya fiye da masu yin sababbin."

Ya kira ni na leƙa da kaina. Ya nuna mini robobin da aka saƙa a ƙarƙashin mazauni, irin waɗanda ake yankowa daga tsohuwar taya, rabinsu sun saki, biyu sun tsinke. Nan ne asalin lotsawar, ba soson kaɗai ba. Ya ce da yawa daga masu gyara soso kawai suke ƙarawa a kan sakakkiyar roba, mai kujera ya ji daɗi na wata uku, daga nan ta koma gidan jiya. A ɗaya ƙaramar kuma ya samu ƙafar baya ta fara rawa, ƙusa ta ci wurinta. Bai ɓoye ba, bai kuma kambama ba. Ya ce za a cire, a sa gam, a ƙara ɗan katako mai kusurwa uku a ɗaure ta.

Kan kuɗi ya ba mu zaɓi biyu: ko a ba shi jimla ya sayo komai, ko mu sayi yadi da soso da kanmu, shi a biya shi ladan aikinsa. Shi da bakinsa ya ce na biyun ya fi masa kwanciyar hankali, don kada gobe a ce ya ci riba a kan kaya. Ya ja tef ya auna, ya rubuta a bayan kwalin magani: yadi 26, soso mai kauri inci huɗu na mazauni, mai inci biyu na jingina, siriri na hannuwa, zif guda bakwai. Na ajiye wannan kwali har yau.

Zaɓen yadi shi ya fi cin lokaci, kuma nan na fi ƙaruwa da shi. Ni raina ya riga ya kwanta a kan karammiski ruwan shuɗi mai duhu, irin wanda nake gani a falukan amare a Instagram. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko tagogina suna kallon titi. Suna kallo. Ya ce to in tuna da hunturu. Karammiski yana riƙe ƙura, launi mai duhu kuma yana nuna ta, zan share da safe, kafin azahar ya yi fari fat. Na ce to ledar nan mai kama da fata fa, ai gogewa kawai ake yi? Ya girgiza kai, ya ce a Kano da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, ga wuta ba kullum ba, leda tana manne wa mutum a jiki, bayan shekara biyu ko uku ta fara saɓulewa kamar fatar maciji. Da na je shagonsa daga baya na ga irinsu guda biyu a jingine, duk sun zazzago, masu su sun kawo a sake.

Shawararsa ita ce saƙaƙƙen yadi mai kauri, mai ɗan kaushi a hannu, launi tsaka-tsaki. Ya haɗa ni da babban yaronsa, muka shiga kasuwar Sabon Gari ni da ƙanwar maigida. Yaron ya koya mini abu biyu a tsaye a gaban mai shago. A ɗaga yadin a kalli haske ta cikinsa, in haske na ratsawa sosai saƙar ba ta da ƙarfi. Sannan a karce shi da farce, in zare ya taso ko ya zame gefe, ba zai jure wa yara ba. Yadi iri huɗu muka ajiye ta wannan hanya kafin muka tsaya a kan wani ruwan ƙasa mai haske da ɗigon zare ruwan toka a ciki. A kasuwa bai burge ni sosai ba. A falo, da rana ta faɗa masa ta taga, sai ya zama wani abu daban.

Soso kuwa nauyi ake dubawa, ba tauri ba. Wannan ban taɓa sani ba. Akwai soso mai tauri kamar allo amma in ka ɗaga ba shi da nauyi, irinsa ne ke marmashewa ya zama gari. Mai kyau in ka ɗaga za ka ji shi a hannu, in ka danna da gwiwa ka ɗaga, nan take yake dawowa. Dattijon ya ce a nemi mai tambarin kamfani a jiki, irin su Vitafoam ko Mouka, kada a karɓi wanda aka yanke tambarinsa. (Maigida ne ya gaya mini a hanya cewa Mouka ɗin nan asalinsa a Kano aka kafa shi tun 1959, kafin ya koma yin katifa a Legas. Na yi shekaru ina kwana a kan katifarsu ban sani ba.) Na mazauni muka sayi mai nauyi, na jingina muka sassauta muka ɗauki matsakaici, domin baya ba ya ɗaukar nauyin da mazauni ke ɗauka. A nan mun rage kuɗi mai ɗan dama ba tare da an cuci aikin ba.

Idan na haɗa lissafi, yadi ya cinye kusan rabin abin da na kashe, soso ya ɗauki wajen kashi ɗaya bisa huɗu, sauran ya tafi a ladan aiki, roba, ƙusa, gam, da kuɗin a-kori-kura zuwa da dawowa. Duka-duka bai kai rabin kuɗin saitin nan mai hannun kwali ba. Ragowar adashin ita na juya a kan sauran falon.

Yanzu inda ya ɓata mini rai. An kwashi kujerun a tsakiyar Sha'aban, ya yi alkawarin kwana goma, wato kafin a ga watan azumi. Na ba da kafin alƙalami rabin ladansa. Kwana goma suka cika, shiru. Maigida ya kira, aka ce jibi. Jibi ta zo aka ce ba wuta, keken ɗinkin na lantarki ne. Aka shiga azumi ranar 1 ga Maris muna buɗa baki a kan tabarma, surukata da ke fama da ciwon gwiwa ta zo ta rasa inda za ta zauna, sai kujerar roba na aro mata a maƙwabta. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da komai. Ranar 4 ga azumi na shirya na je shagon da kaina, na tarar da kujeruna tsirara a jere, an gama roba da soso, ba a ko yanka yadi ba, su kuma suna kan wani saitin amarya da za a yi jerensa a makon. Na gane an tsallake ni ne saboda nawa gyara ne, wancan sabo ne mai tsoka.

Na gaya masa gaskiya. Na ce, "Malam, da ka ce mini wata guda, da na shirya wa wata guda. Alkawarin ne ya yi mini ciwo, ba jiran ba." Bai yi musu ba, bai kawo zancen wuta ba a gabana. Ya ce, "Hajiya, na yi laifi. Na karɓi aikin da ya fi ƙarfin hannuna." Ranar 9 ga azumi aka kawo su. Duk mai niyyar kai irin wannan aiki, ina ba shi shawara ya guji gab da azumi da gab da Salla, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa, kuma ya riƙe cikon kuɗi a hannunsa har sai kaya sun shigo gida ya duba su da rana.

Na ji daɗin zuwan nan nawa ta wani ɓangaren, domin na ga cikin aikin kafin a rufe. Robar da suka saƙa sabuwa ce, a ɗame tam, an gicciya ta kamar saƙar tabarma, tazarar da ke tsakani ba ta wuce faɗin yatsu uku ba. Na danna da tafin hannu ta turo ni. Ƙafar nan mai rawa an ɗaure ta yadda ya faɗa. An shafe katakon duka da maganin ƙwari, warinsa na tashi. Kuma tsohon soson da suka cire yana nan a cikin buhu biyu an ɗaure an rubuta "Rijiyar Lemo" a jiki, ba a maida shi cikin kujerar wani ba.

Ɗinkin ya yi kyau, in ban da wuri ɗaya. Layin bayan mai cin mutum biyu ya ɗan karkace, kamar faɗin yatsa, in ka tsaya daga ƙofa za ka lura. Na nuna wa yaron da ya kawo, bayan Salla da mako guda dattijon ya zo da kansa ya ɓalle ya sake ja, bai karɓi ko kwabo ba. Matasan zama guda bakwai duk ya sa musu zif a baya yadda za a zare rigar a wanke. Wannan shi ne abin da na fi amfana da shi a kullum. Autana ya zubar da kunun gyaɗa a kan ɗaya, na zare na wanke da ruwan sanyi na shanya a inuwa, kafin magariba na mayar. Katakon hannuwa da ke waje, wanda ke da ɗan sassaƙa, ya goge shi ya shafa masa mai sheƙi, zanen da na manta da shi ya fito.

Makonni ukun da falon ya yi fayau ba su tafi a banza ba. Da aka fitar da kujerun ne na ga yadda bangon ya yi: shatin kawuna a inda ake jingina, rubutun fensir, tsaga biyu a ƙasan taga. Ƙanin maigida ya iya fenti, shi ya yi mana a kwana biyu. Bokiti ɗaya na fentin ruwa mai lita 20 ya yi shafi biyu har ya yi saura. Da can bangon ruwan hoda ne mai duhu, yanzu launin madara muka sa, sai falon ya zama kamar an ƙara masa faɗi. Daga ƙasa zuwa daidai ƙugu muka sa fentin mai, galan ɗaya, saboda hannun yara, tsumma mai laima kawai yake so.

Labule ban saya ba. Na je Ƙofar Wambai na duba na gwanjo, akwai masu kyau da nauyi, amma ban samu huɗu iri ɗaya ba. Sai na wanke nawa na da, na sa aka ɗaga ƙarfen labulen sama kusa da silin. Da aka ɗaga sai suka yi ɗangale, to a nan ragowar yadin kujera ya yi rana. Kusan yadi biyu ya rage, dattijon ya naɗo ya haɗo da kujerun ba tare da na tambaya ba. Telar unguwarmu ta yanka ta ƙara wa kowane labule a ƙasa, faɗin taƙi biyu. Duk wadda ta shigo sai ta ɗauka tare aka ɗinka su da kujerun.

Abu ɗaya da na saya don marmari shi ne tum-tum guda biyu a kasuwar Kurmi. Ina son shiga Kurmi ko ba zan sayi komai ba. Kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500, kuma har yau in ka shiga layin dukawa ƙanshin jima ne ke fara tarbarka. Fatar jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato da ake yin su da ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Muna da wannan a cikin gari, amma mun fi ganin darajar furen roba. Na zaɓi ja da baƙi masu ɗinkin zare a sama. Ba a cike ake sayar da su ba, kuma hakan ya fi araha. Buhunan tsohon soson nan muka zazzage, ni da yara muka yayyanka shi ƙanana da almakashi muka cusa har suka tsaya da kyau. Na ƙara da faifai uku masu launi na rataye a bangon da ke kallon ƙofa, a inda tsohuwar kalanda take.

Sauran duk ragewa ce, ba ƙari ba. Na fitar da shogilas ɗin da ya tare kusurwa guda cike da kwanukan da ba a taɓa ci a ciki ba, ya koma ɗakin ajiya. Na sauke furannin roba. Na canza ƙwan fitila daga mai farin haske mai kashe ido zuwa mai ruwan ɗorawa. Na janye doguwar kujerar daga jikin taga ta koma bangon gabas, don rana da ƙura su rage dukanta.

Wata takwas ke nan. Sun ga zafin bazara, sun ga laimar damina, sun ga taron suna guda ɗaya da mata suka cika falon har ƙofa. Mazaunin bai lotsa ba, ɗinki bai buɗe ba. Zif ɗaya ya fara cijewa, na goga masa kyandir ya saki. Yadin ya ɗan yi gashi a hannun doguwar, wajen da maigida ke ɗora gwiwar hannu in yana sauraron labarai, amma sai an matso ake gani. Zan sake kai wa dattijon aiki, kuma na riga na tura mutum biyu, kowacce na gaya mata ta ninka kwanakin da zai faɗa, ta kuma leƙa shagon a tsakiyar aiki. Wadda kujerunta farin katako ne da gara ta fara ci, ya gaya mata kada ta ɓata kuɗinta, bai karɓi aikin ba.

Da Inna ta zo gaisuwar Salla ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ta ce, "Sababbi kuka yi?" Na ce ta matso ta duba. Ta shafa sassaƙar hannun ƙaramar kujerar, wadda Baba ke zama a kai duk lokacin da ya zo gidana, ta yi shiru, sannan ta ce ta tuna ranar da aka sauke su daga mota, shi da kansa ya tsaya a kan masu ɗauka yana cewa a bi a hankali kada a goge ƙafafun. A kanta ta zauna har aka kira magariba. Ledar tsakar falon ce ta rage, ta tsage a bakin ƙofa, ita kuma sai adashi na gaba.